Malam Rabiou da Faifan da Ya Sha Turare

Ƙarfe bakwai saura na kowace safiya, in ka bi ta layin da ke bayan ofisoshin unguwar Plaine Orety a Libreville, za ka ji an ɗaga ƙofar ƙarfe, sai tarin wani dattijo, sai bismillah. Malam Rabiou ne ya iso. Ba ya fara shara, ba ya fara shan shayi, burodin da ya sayo a hanya ma sai ya ajiye shi a kan benci. Abin da yake fara yi shi ne ya bi tsofaffin kwamfutocinsa ɗaya bayan ɗaya yana kunna su. Kowace sai ya ba ta minti goma sha biyar tana gurnani, ya kara kunne, ya shafa bayanta, ya kashe, ya wuce ta gaba. Su goma sha tara ne, kuma ƙaramarsu ta girmi yawancin masu yi masa dariya. Ya ce danshin Libreville da gishirin teku ba sa barin ƙarfen da aka manta da shi, don haka dole kowace ta ji ɗumi kullum. A cikin kabad ɗinsa kuwa akwai ƙwan lantarki da bai taɓa mutuwa da son ransa ba, shi ke busar da abin da aka ajiye a ciki.

Mun yi masa tsiya, ba ƙarama ba. Mu muka sa wa shagon suna Gidan Gajiyayyu. In ya wuce ta majalisa bayan la'asar sai wani ya ce, "Malam, ya jikin tsofaffin? Sun kwana lafiya?" Shi kuwa sai ya amsa da gaske, ya ce ta kusa da taga ce ke ɗan tari. Mutumin Damagaram ne, ya sauka garin nan shekara talatin da ɗaya da suka wuce da jaka ɗaya da turnabis uku, wato sukudireba, na kwance rediyo. Ya koyi gyaran kwamfuta a hannun wani Basanagale, kuma a lokacin da kowa ke rububin sababbi, shi sai ya koma bin waɗanda ofisoshi ke fitarwa bakin bola. Yanzu ido ya fara gajiya, 'ya'ya sun matsa, ya ce bayan Babbar Salla zai rufe ƙofar nan ya koma gida. Shi ya sa na ga bai kamata ya tafi da tsiyarmu kaɗai a kunnensa ba.

Kai ne, Malam Rabiou, wanda ake zuwa wurinsa bayan an gama zagaye gari an rasa. Masu manyan shaguna da gilashi da sanyin na'ura su ne ke cewa, "Wannan faifan ai ya wuce zamaninmu, je ka Plaine Orety, akwai wani Bahaushe." Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Gabon ya taɓa zuwa da littafin da ya yi shekara shida yana rubutawa, kulle cikin disket huɗu, ƙananan faya-fayen kwamfuta na da, tun zamanin samartakarsa, ya fita da shi a cikin wayarsa yana ta rantsuwa da Faransanci. Wata ƙanwarmu ta ga hoton mahaifiyarta a karo na farko a kan teburinka. Kuma kowa ya shaida halinka ɗaya: da zarar rubutu ya bayyana a gilashi, sai ka juya kujera ka fuskanci bango, ka ce mai abu ya karanta abinsa.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zancen Haoua, kuma a gaban mutane aka yi shi.

Haoua malamar asibiti ce daga Tahoua. Ta zo Libreville da hutun kwana goma da tikitin komawa a jaka. Mahaifinta Saïdou ya baro gida tana da shekara biyu, ya zo nan yana aikin ɗaukar kaya, ya rasu a 1997. Labarin rasuwar a bakin matafiyi ya isa gida, kalma biyu kawai. Daga baya wani mai dogon baki ya dawo daga Gabon ya ce ai baƙo marar dangi irinsa, haka nan ake tura shi rami, ba wanka ba salla. Ya faɗa ya wuce abinsa, amma maganar ta zauna a zuciyar Ƙulu, matar Saïdou, shekara ashirin da bakwai. Yanzu ta tsufa, jiki ya yi rauni, ta ce wa 'yarta ba ta roƙon komai sai a gano mata ko an sallaci mijinta, kuma ina yake kwance.

Tambaya ce mai sauƙi, amsarta ce ta yi wuya. Kaburburanmu na wancan lokacin ba suna a kansu, kuma dattawan da suka halarta sun rasu ko sun koma gida. Mutum ɗaya ne ya riƙe lissafin mamatanmu, marigayi Malam Sabitu, Bakano, sakataren ƙungiyar jana'iza, wanda ya yi aikin buga takardu a wani kamfani. Littafinsa na takarda gara ta cinye tun da daɗewa. Abin da ya rage shi ne faya-fayen da ya riƙa adana sunayen a ciki, suna hannun matarsa Hajiya Ummussalma. Ranar Talata, kwana na uku da saukar Haoua, su biyun suka yi sallama a Gidan Gajiyayyu.

Tun kafin Hajiya ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ƙamshi ya cika shagon. Farin ƙyalle ne, a cikinsa tsohuwar gafaka, a cikin gafakar faifai shida, kowane da shekararsa da hannun Malam Sabitu. Malam Rabiou ya ɗauki ɗaya ya kai hanci.

"Hajiya, turare nake ji?"

"Turaren wuta ne, Malam. Duk Juma'a nake turara su, tun rasuwar mai gidan. Sunayen bayin Allah ne a ciki, ba zan bar su cikin warin akwati ba."

Shekara goma sha takwas ana ɗora faifan kwamfuta a kan kasko. Da wani ne cikin yaran nan masu takardar shaida, da ya kwashe da dariya ko ya wanke tsohuwa da faɗa. Malam Rabiou bai yi ko ɗaya ba. Ya sa gilashin masu gyaran agogo a ido, ya tura ɗan murfin da tsinke, ya daɗe yana leƙe. Na 1993 ya lanƙwashe da zafi, wannan kam ya tafi, kuma ya faɗa mata gaskiya. Sauran biyar suna da dattin hayaƙi, amma babu ɗigon fumfuna ko ɗaya, alhali a garin nan takalmi ma in ka ajiye shi wata biyu sai ya yi gashi.

"Hajiya," in ji shi, "turarenki ya ci ɗaya. Amma ina zaton shi ya tsare biyar daga danshi. Allah ya saka da alheri."

Tsohuwa ta share ido da bakin mayafi. Ba ta san irin tashin hankalin da ke ransa ba, don matsalar ba ta tsaya a hayaƙi ba. Faya-fayen ba irin waɗanda aka saba ba ne. Sun fi tsawo, sun fi kauri, na wata irin na'urar buga takardu ce mai koren rubutu da ta yi yayi a ofisoshin nan kafin a haifi Haoua. Cikin tsofaffinsa goma sha tara babu mai bakin da zai karɓe su. Abin haushin, ya taɓa mallakar irinta, shi da kansa ya bai wa masu gwangwan lokacin da ya sauya shago, don ya ga shekara goma ba wanda ya tambaye ta. Ya gaya mini ranar ya ji kamar ya mari kansa.

"Baba, akwai dabara?" Haoua ta tambaya.

"Ɗiyata, faifan na da rai. Abin da zai karanta shi ne babu. Yaushe za ki tashi?"

"Talata mai zuwa, da la'asar."

"To. Ki bar mini kwanakin."

Ya rufe shago, abin da ba ya yi sai ranar Idi. Ya shiga taksin Ɗanlaraba, direban nan na Maraɗi da ba ya rufe baki ko yana cin abinci, suka bi wuraren masu gwangwan, suka bi tsofaffin gidajen buga takardu, suka leƙa ɗakunan ajiya na makarantu biyu. A unguwar Louis aka ce musu wata mashaya ta jera tsofaffin na'urori don ado. Dattijo mai gemu da carbi ya tsaya a ƙofar mashaya da tsakar rana yana sallama, Ɗanlaraba na cikin mota yana dariya har da buga sitiyari. Na'urar tana nan kuwa, amma ƙoƙo ce kawai, an kwashe cikinta an dasa fure. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, ba a samu komai ba.

Ɗanlaraba ne ya kawo shawarar da ta yi aiki. Ya ce, "Malam, mu biyu ba za mu gama garin nan ba. Amma garin nan kaf, taksi yake shiga." Malam Rabiou ya zana hoton na'urar a takarda, aka buga kwafi arba'in, direbobinmu na Nijar suka liƙa a gaban motocinsu da lambar waya a ƙasa. Fasinja ya shigo ya faɗi inda za shi, kafin ya gyara zama an nuna masa hoto ana tambayarsa ko kakarsa na da irin wannan. Wasu sun yi tsaki, wasu sun ɗauka sabuwar damfara ce. Ranar Asabar da hantsi wata mai aikin gida ta kalli hoton ta ce uwar ɗakinta na da irinta sak, a rufe da zane, a unguwar Batterie IV.

Uwar ɗakin ita ce Madam Moussavou, 'yar ƙasa, tsohuwar sakatariya, kuma na'urar ta marigayi mijinta ce. Ta saurari labarin a tsaye a bakin get, ta dubi Malam Rabiou sama da ƙasa, ta ce na'ura ba za ta fita daga gidanta ba ko taku ɗaya. In aiki zai yi, ga baranda. Ya ce ya gode, ya tuɓe takalmi. Da ya kwance na'urar sai ya tarar da abin da ya zata: ɗan zoben robar da ke juya faifai ya narke ya zama kamar kwalta. Ya wanke wurin da auduga da alkol, sinadarin goge datti, ya aika Ɗanlaraba wurin wani mai gyaran rediyo ya kwaso robobin tsofaffin rakoda, sai a ta uku aka dace. Faifan da ke tayar da na'urar ma yana cikin kwalinsa, don Madam ba ta yar da komai na mijinta ba. Kafin azahar ɗin Lahadi komai ya haɗu, Haoua da Hajiya sun iso, kowa ya zuba ido a kan maɓallin kunnawa.

Sai Malam Rabiou ya ce ba yau ba.

Ya ciro ƙwan lantarki da waya daga jakarsa, ya sa a cikin babban kwali tare da na'urar, ya rufe, ya ce sai gobe war haka. Haoua ta miƙe tsaye. Yarinyar nan mai kunya, da ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ta ce, "Baba, jibi ni ka tahiya. Kwana takwas munka yi muna nema, ga abu gabanmu. Don Allah ka kunna."

"Ɗiyata, shekara ashirin wannan abu yana shan danshi a ɗakin ajiya. In na ba shi wuta yanzu, zai iya ƙonewa kafin ki ƙifta ido, kuma kin ga yadda muka sha kafin mu samu wannan. Babu ta biyu a garin nan."

"In gobe ta ƙi fa? Ba ni da wata rana."

"In ta ƙi gobe, da yau ma za ta ƙi. In ta ƙone yau, ni na ƙona ta. Ki yi mini haƙuri, ki ji haushina na kwana ɗaya."

Ta ji haushinsa kuwa, ta fita ba sallama. Ɗanlaraba ma ya ce, "Malam, kai fa da taurin kai kamar jakin Maraɗi." Ko Madam Moussavou ta ce ita dai da ita ce da ta gwada. Malam Rabiou kansa ya gaya mini daga baya cewa hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi, don kukan yarinyar ya shiga ransa ƙwarai, kuma bai da tabbacin cewa jiran zai yi amfani. Amma bai kunna ba. Ya zauna ya goge faifan 1997 a hankali, juyi bayan juyi, har audugar ta daina fitowa da launin hayaƙi.

Litinin bayan azahar aka sake haɗuwa a barandar. Ya yi bismillah ya danna. Na'ura ta yi shiru, ta yi ƙara, gilashi ya yi kore. Bai fara da faifan Malam Sabitu ba, sai da ya gwada da wani na Madam da ta ce ba komai a ciki sai tsofaffin wasiƙun ofis. Ya karantu. Sannan ya ce Haoua ta saita wayarta tana ɗauka tun kafin ya zura, don tsohon faifai kan ba da abin da ke cikinsa sau ɗaya ya ƙi na biyu. Ya zura, ya buɗe, rubutu ya hau. Sai ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, ya bar mata maɓallin saukarwa.

Malam Sabitu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai tsanani a rubutu. Kowane mamaci layi huɗu ne: rana da suna da gari, waɗanda suka yi wanka, yawan waɗanda suka tsaya salla, da wurin kabari. Ashe duk jana'iza yakan tsaya a baya ya ƙirga sahu kafin ya shiga. Haoua ta karanta Janairu, ta karanta Maris, ta kai Yuni, rubutu ya ƙare. Babu Saïdou.

"Baba, ya ƙare. Babu shi."

Bai waiwayo ba. "Irin wannan faifan fuska biyu gare shi. Ciro shi a hankali, ki juya, ki mayar."

Ta juya ta mayar. Na'ura ta yi gurnani har sau uku, Hajiya Ummussalma na ta jan carbi. Yuli ya fito. Agusta ya fito. Sai muryar Haoua ta tsaya, ta sake farawa a hankali: "Sha huɗu ga Agusta. Saïdou, mutumin Tahoua, mai ɗaukar kaya. Wanka, Malam Aziz da Abdoul mai shayi. Salla, mutum arba'in da uku. Layi na huɗu daga mangwaro, na bakwai."

Madam Moussavou ba ta jin Hausa, amma ta cire tabaranta tana gogewa. Haoua ta kira Tahoua a nan take, ta sa wayar a fili, aka kai wa tsohuwa. Ta karanta mata layukan huɗu daga farko.

"Nawa kinka ce?" in ji Ƙulu.

"Arba'in da ukku, Inna."

Kowa a barandar nan, ban da Madam, ya san abin da malamai ke faɗa game da mamacin da mutum arba'in suka tsaya a kansa, cewa Allah yana karɓar cetonsu gare shi. Can tsohuwa ta ce, "Ko nan gida ba kowa ka samun haka ba. Alhamdu lillahi. Ki gaishe min da mutanen Gabon."

Sai a lokacin Malam Rabiou ya juyo da kujerarsa, gemunsa a jiƙe. Haoua ta durƙusa ta ce ya yafe mata na jiya, ya ce ai da shi ne a matsayinta da ya fi haka. Washegari da safe Ɗanlaraba ya kai su maƙabarta tare da liman. An sare mangwaron tun tuni, amma kututturen yana nan, kuma mai gadin wurin ya san shi. Suka ƙirga layi huɗu, suka ƙirga bakwai. Ta tsaya ta yi wa ubanta addu'a, da la'asar ta hau jirginta.

Da nan aikin ya tsaya ma ya isa a yi maka jinjina, Malam Rabiou, amma ba ka tsaya ba. Sati uku ka yi kana zirga-zirga zuwa barandar nan, har Madam ta saba da dafa maka shayi irin namu. Ka fitar da duk abin da ke cikin faifai biyar, suna ɗari biyu da goma sha ɗaya, ka sa aka buga, aka ajiye kwafi a masallaci, aka raba a wayoyi. Tun daga lokacin gida shida sun gano nasu, daga Zinder har Katsina. Na 1993 kuwa har yau in aka ambace shi sai ka yi shiru, kamar kai ka ɗora shi a kasko. Ka daina, Malam. Abin da ya yiwu ka yi shi.

Mun gode maka, mai haƙuri da tsofaffi. Mun gode da kujerar da kake juyawa, da ƙwan da ba ka kashewa, da ranar Lahadin nan da ka yarda a ji haushinka. Ku kuma 'yan'uwa, mai disket ko kaset a ƙasan akwati ya fito da shi tun dattijon nan yana gari. Mai shirin jefar da tsohuwar na'ura ya fara tambaya tukuna. Matasanmu masu ilimin zamani, tsofaffi goma sha tara za su rasa mai kunna su da safe, kuma Malam ya ce duk wanda zai zauna ya koya, shagon da abin da ke ciki nasa ne. Minti goma sha biyar ne kowace, ba su fi haka ba.

Allah ya kai ka Damagaram lafiya, ya ƙara wa idonka haske, ya ja kwana nesa. In ranarka ta zo, bayan tsawon rai, Allah ya sa mai ƙirga sahu ya gaji kafin ya kai ƙarshe.